Ido Ɗaya Ko Idanu Goma?

Ga wata tambaya da mu ke so mu duba tare a wannan wata. A ce akwai asibitin ido mai ɗan kuɗi kaɗan a asusunsa. Mutum goma suna jira a cire musu yanar ido. Ga kuma mutum ɗaya wanda tantanin gani na can cikin idonsa ya ɗaye, aikinsa kuwa shi kaɗai zai cinye abin da zai ishi goman nan. Wa za a fara yi wa? Ɗaya da goma misali ne kawai muka kawo, gama farashi ya kan bambanta daga wannan asibiti zuwa wancan. Amma tambayar kanta tana gaban shugabannin asibitoci kowace shekara, tana kuma gaban kowane gida da aka ce su sayar da sa ko gona saboda idon mutum ɗaya.

Menene ciwon?

Kafin a yanke shari'a ya kamata a san abin da a ke shari'a a kansa. A can cikin ƙwayar ido, ta baya, akwai wani tantani shimfiɗe a jikin bangon ido, bai kai kaurin rabin milimita ba. Likitoci suna kiransa ratina. Shi ne ya ke karɓar haske ya aika da labari zuwa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri, cibiyar gani ke nan, da ita mu ke karatu, mu ke zura zare a allura, mu ke gane fuskar ɗan'uwa. Cikin ƙwayar idon kuwa cike ya ke da wani ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai.

Sa'ad da mutum ya manyanta, ruwan nan ya kan tsinke ya janye daga jikin tantanin. Ga yawancin mutane ba ya barin wata ɓarna. Ga waɗansu kuwa ya kan fizgi tantanin har ya yage shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya kan bi ta yagar nan ya shiga ƙarƙashi, ya yi ta ɗaye tantanin kamar yadda ruwan sama ya kan ɓamɓare yaɓe daga jikin katanga. Duk wurin da ya rabu da bango ya rabu da abincinsa, ganinsa kuma sai ya ɗauke.

Ciwon ba shi da zafi, wannan shi ne babban hatsarinsa. Mutum ya kan ga walƙiya a gefen ido ko da babu hadari. Ya kan ga baƙaƙen ɗige-ɗige da yawa farat ɗaya, kamar ƙudaje ko saƙar gizo-gizo. Sa'an nan inuwa ta taso daga gefe kamar ana jan labule. Ya kan sami kimanin mutum 1 cikin 10,000 kowace shekara. Ya fi kama masu gajeren gani waɗanda ba su ganin nesa sai da tabarau mai kauri, da waɗanda aka buge su a ido, da waɗanda aka yi musu aikin yana. Ciwon sukari da ciwon sikila su ma suna iya ɗaye tantanin ta wata hanya dabam, gama su kan haifi waɗansu jijiyoyi da tabo masu jansa.

Yadda aka sami magani

A zamanin kakanninmu, ko a Turai wannan ciwo makanta ne kawai. A 1851 wani masanin Jamus, Helmholtz, ya bayyana madubin da a ke leƙa cikin ido da shi, likitoci suka fara ganin ciwon amma ba su da abin yi. A 1912 wani likitan Amurka, Derrick Vail, ya bi takwarorinsa da tambaya, ya ƙiyasta cewa ido 1 cikin 1,000 ne kaɗai ke warkewa. Sai Jules Gonin, likita a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, ya tsaya a kan cewa yagar nan ita ce tushen ciwon, in an toshe ta tantanin zai koma wurinsa. Ya riƙa ƙona wurin yagar da ƙarfe mai zafi ta bangon ido. Shekaru ya yi ana shakkar maganarsa, sai a taron likitocin ido na duniya a Amsterdam a 1929 aka yarda da shi, gama fiye da rabin idanun da ya yi wa aiki sun warke.

Daga nan dabaru suka yi ta ƙaruwa. A 1949 Ernst Custodis na Jamus ya ɗinka wani abu a bayan ƙwayar ido domin ya tura bangon ciki ya sadu da tantanin. Charles Schepens ya inganta wannan a Boston daga 1951, har ya zama ɗamarar roba da a ke ɗaura wa ido. A 1949 ɗin nan kuma Meyer-Schwickerath ya yi amfani da hasken rana a Hamburg ya ƙona cikin ido ba tare da wuƙa ba, wannan shi ne mafarin aikin da a ke yi yau da hasken leza. A 1970 Robert Machemer ya shiga cikin ido da wata 'yar na'ura a Miami ya tsotse ruwan nan mai kauri. A 1986 Hilton da Grizzard suka bayyana hanyar hura kumfar iska a cikin ido, mara lafiya ya karkata kansa kwanaki domin kumfar ta danne yagar.

Yau a asibitocin da su ke da kayan aiki, ido 8 ko 9 cikin 10 tantaninsu ya kan koma da aiki guda. In an ƙara na biyu ko na uku, adadin ya kan wuce 95 cikin 100. Amma mu lura, komawar tantani dabam, komawar gani dabam. In an yi aiki tun cibiyar gani ba ta ɗaye ba, yawanci mutum ya kan riƙe ganinsa, shi ya sa likitoci su ke gaggawar yinsa cikin kwana ɗaya. In ta riga ta ɗaye, 'yan kwanakin farko su ne masu daraja. Bayan watanni tantanin ya kan yi tabo ya ƙanƙance, aikin ya ƙara wuya, kuɗinsa ya ƙaru, abin da za a samu ya ragu.

Lissafin masu lissafi

To, ƙaƙa a ke auna ko aiki ya biya kuɗinsa? Masana sun yi wani mudu da za mu kira shekarar lafiya. Shekara guda cikin cikakkiyar lafiya ita ce 1. In ciwo ya rage daɗin zaman mutum da rabi, shekararsa rabi ce. Sai a duba shekarun lafiya nawa aiki ya ƙara wa mutum, a raba kuɗin aikin a kansu.

A 2014 likitoci biyu na Miami, Chang da Smiddy, suka yi wannan lissafi da farashin Amurka. Aikin ɗamara a asibiti ya kusa dala 7,000, aikin shiga cikin ido ya kusa dala 8,000, ƙone yaga da leza tun tantani bai ɗaye ba kuwa kimanin dala 2,000. Da suka raba, kowace shekarar lafiya ba ta kai dala 1,500 ba. A Amurka an daɗe ana ɗaukar maganin da ya sayi shekarar lafiya a ƙasa da dala 50,000 a kan ya biya kuɗinsa. Watau a wurinsu aikin nan araha ne ƙwarai, gama sau ɗaya a ke yinsa mutum ya ci moriyarsa shekaru da yawa.

Amma araha a kasuwar mai kuɗi ba ita ce araha a kasuwar talaka ba. A binciken makanta da aka yi a dukan Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, an duba mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An tarar 4.2 cikin 100 makafi ne, watau mutane fiye da miliyan ɗaya a ƙasar, kuma abin ya fi yawa a arewa maso gabas. Yanar ido ce ta jawo 43 cikin 100 na makantar nan. Aikin yana kuwa gajere ne, kayansa ba su da tsada, likita ɗaya yana iya yi wa mutane da yawa a yini guda.

Saboda haka mai lissafi ya kan ce, a ba goman nan. Kada mu yi saurin ce da shi mara tausayi. Mutumin da ya iso asibiti muna ganin fuskarsa, muna jin kukan matarsa. Tsohuwar da ke zaune a ƙauye da yana a idanunta biyu ba wanda ya ke jin nata kukan. Lissafi shi ne ya ke tsaya mata a wurin da ba ta iya zuwa. Tausayin da ya ke bin wanda ya fi kusa kaɗai, ko wanda ya fi iya magana, ya kan zama son kai ba tare da mai shi ya sani ba. Kuɗin asibiti amana ne, kowace naira da aka kashe a nan an hana ta a can. Wanda ya ƙi yin lissafi bai kuɓuta daga zaɓe ba, ya dai zaɓa da idonsa a rufe.

Abin da mudu ba ya aunawa

Duk da haka muna ganin ƙidayar kawuna kaɗai ba ta isa ta yanke shari'ar ba, ga dalilanmu.

Na fari, ciwon biyu ba tafiyarsu ɗaya ba. Mai yana, in bai sami aiki bana ba, yawanci baɗi ma za a iya buɗe masa ido. Jiran nan wahala ce, ba mu raina ta ba. Amma mai ɗayewar tantani in aka ce ya dawo baɗi, an yanke masa hukuncin makantar idon ke nan har abada. Jinkiri ga wancan, asara ga wannan. Wanda ya sa su a layi guda bai yi musu adalci ba.

Na biyu, ido ɗaya ba kullum ido ɗaya ba ne. An ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. A asibitin ido na Kikuyu, kusa da Nairobi a Kenya, David Yorston da abokan aikinsa sun ba da labarin idanu fiye da 350 a 2002. Fiye da 9 cikin 10 sun zo cibiyar gani ta riga ta ɗaye, da yawa kuma ɗayan idon ya riga ya mutu. Duk da lattin nan, kimanin 7 cikin 10 tantaninsu ya koma da aiki guda, waɗansu da suka zo ana ja musu gora suka koma suna ganin hanya. A ƙasashenmu mutum ya kan haƙura sa'ad da idon fari ya tafi, sai na biyu ya kamu ya ke neman asibiti. Ga irin wannan, aikin shi ne tsakanin gani da duhu. Ko ɗan ganin da bai isa karatu ba, in ya isa mutum ya kai kansa kasuwa, ya 'yanta shi, ya kuma 'yanta yaron da dā za a fitar daga makaranta ya zama ɗan jagora.

Na uku, aikin yana kansa yana ƙara hatsarin ɗayewar tantani ga kaɗan daga cikin waɗanda aka yi musu. Ƙasar da ta ke yin aikin yana dubbai dole ta sami irin waɗannan. Wanda ya haƙa rijiya a tsakiyar gari ya yi alheri, amma wajibi ne ya tanadi igiyar da za a ciro wanda ya faɗa. Ba daidai ba ne a kira mutane su zo a buɗe musu ido, sa'an nan in matsala ta biyo baya a ce ba a cikin lissafi ta ke ba.

Na huɗu, lissafin da ba a sa masa hankali ba ya kan kai mutum inda bai yi niyya ba. A 1990 jihar Oregon ta Amurka ta jera magunguna bisa ga arahar amfaninsu domin ta san waɗanda za ta biya wa talakawa. Da jerin ya fito, sai ga sa wa haƙori hula ya zo gaba da aikin ceton mace mai ciki a wajen mahaifa. Mutane suka ƙi, aka sāke jerin. Ƙananan amfani da yawa, in an tara su, suna iya rinjayar babban ceto guda a kan takarda, amma zuciyar mutum ba ta yarda da haka ba, muna kuwa ganin zuciyar tana da gaskiya.

Inda ƙin aiki ya ke zama alheri

Kada kuwa a ɗauka muna cewa kowane ido sai an yi masa aiki. Ga mutumin da tantaninsa ya ɗaye shekara guda ko biyu, ya yi tabo, ɗayan idon kuma lafiya lau. Za a iya shiga idon, a zuba masa wani mai na musamman domin ya danne tantanin, a sāke shiga bayan watanni a cire man, wataƙila a yi na uku saboda yanar da ta biyo baya. Bayan dukan wannan mai yiwuwa ne ya ga motsin hannu kaɗai. In gidansa sun sayar da gona saboda haka, an ƙara musu talauci a kan makanta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A nan nauyi yana kan likita. Iyalin ba su san abin da ke cikin ido ba, shi ya sani. Wajibi ne ya faɗa musu a fili, cikin harshen da su ke ji, abin da a ke sa ran samu, da aiki nawa zai iya zama, da jimlar kuɗin har ƙarshe. Ya bambanta musu tsakanin “tantanin zai koma” da “za ka iya karatu”. Wanda ya karɓi kuɗin talaka a kan begen da ya san babu shi ya ci amana, ko da aikin hannunsa ya yi kyau. Haka kuma wanda ya sallami mai ido na ƙarshe don kawai ba shi da kuɗi a ranar, bai kuwa nuna masa wata ƙofa ba, shi ma da sauran magana a kansa. Iyali kuma su yi tambaya ba kunya. Mai biyan kuɗi yana da ikon ya san abin da ya ke saye.

Amsarmu

Ga inda muka tsaya. Babban rabo na aikin yana ne, gama can ne makafi su ka fi yawa. Amma a ware wani rabo domin tantanin gani, a tara ƙwararru da kayan aiki a manyan asibitoci kaɗan inda za su yi aiki da yawa, hannunsu ya faɗa, farashi ya sauka. A cikin rabon nan a fara da mai ido na ƙarshe da wanda ciwonsa sabo ne. A kuma zaɓi hanya mafi sauƙi da ta dace da idon. Aikin ɗamara ba ya bukatar na'ura mai tsada irin ta shiga cikin ido. A wani gwaji da aka yi a Toronto ta Kanada, aka buga a 2019, kumfar iska ta mayar da tantani da aiki guda ga 81 cikin 100, shiga cikin ido kuwa 93, amma masu kumfar sun fi gani da kyau bayan shekara. Ashe mafi tsada ba kullum shi ne mafi amfani ba.

Ba dole ba ne kuma asusun ya tsaya yadda ya ke. A 1976 Dokta Venkataswamy ya buɗe asibitin ido na Aravind a Madurai ta Indiya da gado 11. Ka'idarsa ita ce mai hali ya biya, a yi wa mara hali da rarar. Asibitin ya girma har ya zama cikin manyan asibitocin ido na duniya, ana aikin yana ana kuma aikin tantani a ciki. Tambayar ɗaya ko goma ta kan yi sauƙi sa'ad da masu hali suka yarda su ɗauki kayan da ya fi nasu.

Saura namu

Mafi arahar aiki duka shi ne wanda aka yi da wuri, wannan kuwa a hannunmu ya ke. Yagar da aka gano tun ruwa bai shiga ba, a kan kewaye ta da leza cikin mintoci, mutum ya koma gida a ranar. Saboda haka duk wanda ya ga walƙiya a ido, ko tarin baƙaƙen ɗige-ɗige farat ɗaya, ko labule yana tasowa daga gefe, kada ya jira girbi ko ƙarshen wata. Kwalli ba ya kai wa wurin, maganin ɗigawa na kanti ma haka, tsinken masu kwantar da yana na gargajiya kuwa ƙara ɓarna zai yi. Ya nemi likitan ido na ainihi wanda zai buɗa ɗan bakin idon da magani ya leƙa ciki, ya duba idanun duka biyu, gama wanda ido ɗaya ya kamu ɗayan ma yana cikin hatsari. Akwai manyan asibitocin ido, irin su na Kano wanda aka kafa tun 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitocin koyarwa na jami'o'i. Wanda aka sa masa iska a ido kada ya hau jirgin sama sai likita ya ce ta ƙare. Masu sikila da masu ciwon sukari su riƙa kai idanunsu a duba ko ba su ji kome ba.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗi. Sau da yawa idon ya kan mutu a cikin makonnin da dangi su ke tara gudummawa, a aika wa wannan, a jira wancan ya sayar da hatsi. Kuɗin ya cika, lokaci ya wuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan su taru tun kafin hadari ya haɗo. Kowace jama'a, ko ta unguwa, ko ta majami'a, ko ƙungiyar mata, ko ta manoma, tana iya ajiye ɗan asusun gaggawa wanda za a ranta wa mara lafiya kuɗin mota da na aiki a ranar da ya bukata, a biya daga baya. Muna roƙonku ku kai wannan magana taronku na gaba, ku kuma karanta alamun nan uku ga waɗanda ba su iya karatu ba.